Ɗan Likita, Tafireta da Bashin Dala 800

A gidan kallon unguwarmu, can Tudun Wadan Zariya, babu wanda ya damu da ainihin sunan fim ɗin. A allon da ake jinginawa bakin ƙofa an dai sa alli an rubuta "Kwamando mai takobi", mu kuwa muka biya kuɗinmu muka cika benci. Arnold ne, ƙirji a waje, an ɗaure shi yana tura wani dutsen niƙa tun yana ɗan yaro har ya zama ƙato, daga baya ya fita neman wanda ya kashe iyayensa. Turancin ba ma ji, kuma ba mu yi asarar komai ba, don jarumin ba mai yawan magana ba ne. Na daɗe ina zaune da yaƙinin cewa Conan, jarumin fim ɗin, kayan Arnold ne, shi ya zo da abinsa.

Sai da na shiga jami'a. Wata rana ina tsugune gaban shimfiɗar wani mai tsofaffin littattafai a Samaru, na ɗago wani ɗan littafi da bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. Ga sunan Conan da manyan baƙaƙe, ga sunayen marubuta uku a jere: Robert E. Howard, L. Sprague de Camp, Lin Carter. Na saya na tafi da shi ɗaki. Tun kafin in kai rabi na lura labaran ciki ba hannu ɗaya ba ne. Wasu da zafinsu kamar yanzu aka sauke daga murhu, wasu kuwa lami, kamar miyar da aka ƙara wa ruwa don ta ishi baƙi. Bayan shekaru na gane masu zafin nan duk na mutumin farko ne, kuma ya bar duniya tun 1936, shekara 46 kafin a yi fim ɗin, yana ɗan shekara 30, yana bin mujallar da ta buga masa Conan bashi.

Bashin nan shi ya tsaya mini a rai. To amma ba a gane shi sai an san kasuwar da aka ci shi.

Tun 1896 wani ɗan kasuwa a Amurka mai suna Frank Munsey ya lura cewa mai son labari bai damu da kyan takarda ba muddin labarin yana tafiya. Ya mayar da mujallarsa Argosy ta zama zallar ƙagaggun labarai, ya buga ta a takarda mafi araha, wadda ake yi da ɓarzajjen itace: mai kaushi, bakinta ba a datse daidai ba, in ta kwana biyu sai ta yi ja ta fara marmashewa. Sunan wannan ɓarzajjen itace a Turanci, pulp, shi ya bi mujallun har yau. A zamaninsu ana sayar da su daga sent 10 zuwa 25, kowace da fanninta. Akwai ta kaboyi, akwai ta masu binciken kisan kai, ta dambe, ta matuƙa jirgin sama, ta soyayya. A 1926 Hugo Gernsback ya fito da Amazing Stories, ta labaran kimiyya da tafiya wasu duniyoyi. Kafin ita, a 1923, an kafa Weird Tales, ta fatalwa da tsafi da abubuwan ban tsoro, wadda wani edita mai suna Farnsworth Wright ya riƙe daga 1924 zuwa 1940, galibin shekarun nan ofishinsa a Shikago.

A wancan zamani, marubucin irin waɗannan mujallu da kalma ake biyansa, kamar yadda ake auna hatsi da mudu. Galibi sent ɗaya kowace kalma, sabon shiga kuwa rabin sent. Labari mai kalma 5,000 ya kama dala 50 ke nan, in an karɓa. In ba a karɓa ba, ambulan ɗinka ya dawo maka ta gidan waya, ka yi asarar kan sarki. Wasu mujallun da sun karɓi labari suke aiko da cek. Weird Tales ita sai ranar da labarin ya fito, ko wata shida zai yi a aljihun teburin edita, ko shekara. Duk wanda ya taso yana hayar littattafan yaƙi a shagon unguwa ya san irin wannan adabi ba sai an yi masa dogon bayani ba: takarda mai araha, bango mai ɗaukar ido, marubuci yana gudu kasuwa tana binsa, masu ilimin boko kuma suna yatsina fuska, alhali wasunsu a ɓoye suke karantawa.

An haifi Robert Ervin Howard a watan Janairun 1906 a Peaster, wani ƙauye a jihar Teksas. Shi kaɗai iyayensa suka haifa. Mahaifinsa, Dokta Isaac Howard, likitan karkara ne mai ƙafar yawo, bana a wannan gari baɗi a wancan, har sai 1919 da suka yada zango a Cross Plains, wani ɗan gari na manoma da makiyaya a tsakiyar jihar. Mahaifiyarsa Hester da tarin fuka ya buɗe ido ya gan ta. Ita ta saba masa da waƙe, tana karanto masa baitoci da ka, ita ce kuma ta tsaya masa lokacin da ya ce rubutu zai yi. A wani gari da suka zauna yana ƙarami, Bagwell, akwai wata tsohuwa mai dafa abinci, Mary Bohannon, wadda ta yi rayuwar bauta kafin a 'yanta bayi a Amurka. Labaran fatalwa na tsoffin gidajen gandu da ta riƙa ba shi sun zauna masa a kai, daga baya ya ƙera ɗaya daga cikin labaransa mafi ban tsoro da su.

Sai aka tono mai a Cross Plains. A shekarun 1920 garin ya cika ya batse da baƙi: leburorin rijiya, 'yan caca, masu fasa-ƙwaurin giya, don lokacin dokar Amurka ta hana sayar da ita, da mata masu zaman kansu, da 'yan damfara masu sayar da takardun filin da babu komai a ƙarƙashinsa. Wanda jiya ba shi da kwabo yau ya sayi mota, jibi ya koma bara. Gidan likita kuwa nan ake kawo sakamakon komai, wanda aka soka wa wuƙa, wanda aka harba, wanda ƙarfen haƙa ya murƙushe wa hannu. Yaron yana kallo. Da man ya ja baya, baƙin suka kwashe nasu ya nasu suka bar garin da ramuka. Howard bai taɓa yafe wa wannan zamani ba. Tunanin da ya bi duk rubutunsa, cewa kowane birni komai ginuwarsa akwai ranar rushewarsa, kuma ruɓewar daga ciki take farawa, ba a littafin tarihin Rumawa ya fara ganinsa ba. A titin garinsu ya gani, cikin shekara goma.

Ya gama sakandare a Brownwood a 1923, ya ɗan koyi buga tafireta da lissafin akawu a kwalejin Howard Payne. Ya yi tsinkar auduga, ya riƙe wa masu safiyo sanda, ya yi akawu, ya haɗa wa mutane lemo a kantin magani har tsakar dare. Babu aikin da bai tsana ba a cikinsu, saboda ba ya iya jure wani ya tsaya a kansa yana ba shi umarni. Yana yaro siriri ne, sai ya dage da ɗaga ƙarfe har ya zama ƙato mai faɗin kafaɗa, ya riƙa zuwa gidan ƙanƙarar garin inda leburori ke haɗuwa suna dambe, ya sa safar hannu ya shiga fage. Wannan ya sa in ya kwatanta yadda naushi ke sauka a haƙarƙari, kana karantawa kana jin wanda ya sha ne yake magana.

Labarinsa na farko da Weird Tales ta karɓa, na mutanen kogo ne na zamanin da, ya fito a Yulin 1925. Dala 16 aka biya shi, bayan wata da watanni yana jira. A shekarar da ta biyo, Wright ya aiko masa da saƙon gaggawa: wani labarinsa na mutum mai rikiɗa kyarkeci za a sa a bangon mujalla, amma mai zanen bangon bai dawo da rubutun ba, a taimaka a aiko da kwafin kabon. Howard bai ajiye kwafi ba. Ya zauna ya sake bugo labarin daga ka, ya aika, sai ga wasiƙa cewa an ga rubutun, shafin farko kaɗai ya ɓace. Ina son wannan labari don ya nuna mutumin a bakin aikinsa, ba shi da kowa sai tafiretarsa ƙirar Underwood da ƙwaƙwalwarsa.

Mutanen gari ba su san inda za su ajiye shi ba. A wurin da ake auna namiji da gonarsa ko shagonsa, ga ƙato lafiyayye zaune gidan ubansa yana ƙwanƙwasa inji dare da rana. Ga shi kuma da wata ɗabi'a, in yana rubutu da ƙarfi yake faɗin abin da yake bugawa, maƙwabta suna jiyo ihun yaƙi ta taga. In ya fito zai je gidan waya, wani lokaci a gan shi yana kai wa iska naushi a kan hanya. Kallon mai taɓin hankali da yawa suka yi masa. Ni kuwa ina ganin wannan faɗa da baki shi ne sirrin zafin da na ji a littafin Samaru. Jimlolinsa na kunne ne, an gwada su a harshe kafin su hau takarda, irin na mai ba da labari a dandali wanda ya san in ya yi sanyi jama'a za su watse.

Daga 1928 ya fara samun jarumai masu dawowa, abin da ke riƙe marubucin kalma-da-sent, don edita ya fi son sunan da masu karatu suka riga suka sani. Solomon Kane, Baturen Ingila na ƙarni na 16, mai baƙaƙen kaya da tsananin addini, yana yawo yana rama wa waɗanda aka zalunta. Sarki Kull, wanda labarinsa na Agustan 1929, na macizai masu shigar mutane da suka cika fada, shi masana da yawa ke ɗauka a matsayin farkon fannin labaran takobi da tsafi. Da Steve Costigan, matuƙin jirgin ruwa ɗan dambe mai ƙarfi ba wayo, labaran ban dariya da suka fi sauran kawo masa kuɗi a kai a kai. Sai tattalin arzikin Amurka ya karye. Bankin da yake ajiya ya durƙushe a 1931, mujallar damben da ke buga labaran Costigan ta dakata a 1932. A cikin wannan matsi aka haifi Conan.

Farkon 1932 ya yi tafiya kudancin Teksas, ya ga duwatsun yankin Fredericksburg cikin hazo da yayyafin hunturu, suka zame masa ƙasar jarumin, Simeriya. Da ya dawo gida bai tsaya ƙirƙiro sabon labari ba. Ya jawo wani tsohon labarin Kull da editoci suka ƙi, ya canja sunan sarkin, ya ƙara matsafi da dodo don ya dace da Weird Tales, ya aika. Ya fito a Disambar 1932. Abin da ya ba ni dariya da na karanta shi: farkon ganin da duniya ta yi wa Conan, sarki ne babba zaune gaban tebur, riƙe da abin rubutu, yana gyara taswira don masu zanen fada ba su san ƙasashen arewa ba. Conan na Howard bai taɓa tura dutsen niƙa ba. Ɗan maƙeri ne da aka haifa a fagen fama, ya yi sata, ya yi fashin teku, ya yi sojan haya, yana jin harsuna da yawa, yana da baki da ba'a. Wancan beben ƙato na gidan kallonmu aikin masu fim ne.

Duniyar da ya sa shi ciki ma dabarar sana'a ce. Howard yana son rubuta labaran tarihi, amma tarihi yana cin lokaci, sai ka tabbatar da wace shekara, wane sarki, wane irin sulke, ga shi babban ɗakin karatu ya yi masa nisa. Sai ya ƙago wani zamani da ya ce ya shuɗe kafin a fara rubuta tarihi, ya zana masa taswira a kan ta Turai da Afirka da Asiya. A nan yana iya haɗa Misirawan Fir'auna da mayaƙan dutsen Afganistan da 'yan fashin teku a shekara ɗaya, ba mai kama shi da kuskure. Cikin shekara huɗu ya kammala labaran Conan 21, Weird Tales ta buga 17.

Ya taɓa gaya wa wani abokin sana'arsa, Clark Ashton Smith, a wasiƙa, cewa Conan haɗin mutanen da ya sani ne: 'yan dambe, 'yan bindiga, masu fasa-ƙwauri, 'yan ta'addar filin mai, 'yan caca da leburori masu neman halak. Na yarda da shi. Labarin da na fi ɗauka da girma a cikinsu, na 1935, wanda ke faruwa a bakin wani baƙin kogi inda manoma 'yan ci-rani suka kafa sansani a ƙasar da ba tasu ba, in ka cire takubban, labarin Teksas ne da yaƙin Turawa da ƙabilar Komanci. Kuma a ƙarshensa sansanin ne ya faɗi. Wannan ita ce gardamar da ya shekara shida yana yi ta wasiƙa da H. P. Lovecraft, marubucin labaran tsoro na garin Providence, tun daga 1930: Lovecraft yana kare wayewar birni, Howard yana cewa wayewa fenti ce a kan bango, damina ɗaya take jira. Ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba.

Ba duk labaran ne suka kai wannan ba, kuma ba zan rufa masa asiri ba. Wright ya lura mujalla ta fi tafiya in mai zanensa Margaret Brundage ta sa mace rabin tsirara a bango, wanda labarinsa ya hau bango kuma sunansa ya fi fita. Howard ya gane lissafin, ya riƙa cusa irin waɗannan fitowa da gangan. Akwai labaran Conan uku ko huɗu da kana karantawa kana jin ƙarar mudu. Amma mutumin da ya rubuta waɗannan shi ya rubuta na hasumiyar giwa a 1933, inda Conan yana saurayi ɓarawo ya haura satar lu'ulu'u, ya tarar da wata halitta mai kan giwa da ta zo daga wata duniya, makauniya, matsafi ya azabtar da ita shekaru ɗaruruwa. Ɓarawon ya tsaya, kunya ta kama shi kamar laifin dukan 'yan Adam a wuyansa yake. Ban zaci samun tausayi irin wannan a takardar sent 25 ba.

Akwai ɓangaren aikinsa da mai karatu Musulmi zai so ya sani. A wata mujallar Wright ta labaran Gabas ya rubuta labarai a kan Zangi, da Baibars sarkin Misira, da Taimur na Samarƙandu, da zuwan Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ƙofar Biyana a 1529. Yana da wani jarumi ɗan Teksas a Afganistan da ya laƙaba wa El Borak, daga sunan Buraƙa, wai saboda saurinsa. Duk daga littattafai ya tsinto su, don bai taɓa ƙetare teku ba.

Nan ne kuma inda nake da magana da shi. A taswirarsa akwai Kush, akwai Tombalku, wato Tambutu da ɗan kwaskwarima, akwai kuma Darfar. Ranar da na karanta labarin da ya fito a Nuwambar 1935, na ga mutanen Darfar baƙaƙen bayi ne masu fiƙaƙƙun haƙora da ke fita da dare suna farautar mutane su ci, sai da na ajiye littafin. Darfur ce, ya canja harafi ɗaya. Ƙasar da alhazanmu na ƙafa suka ratsa shekaru aru-aru, ƙasar sarauta da allo da alƙalai, inda har yau akwai Hausawa. Shi suna kawai ya gani a taswira ya yi masa daɗin faɗa. Ana cewa ɗan zamaninsa ne, Bature ɗan kudancin Amurka a lokacin da wariyar launin fata take doka, kuma gaskiya ne. Ana kuma kawo N'Longa, bokan Afirka abokin Solomon Kane, wanda ya fi Kane hikima. Shi ma gaskiya ne. Duk da haka ni ne na biya kuɗina a Samaru na sami kaina a cikin littafin a matsayin abin tsoro. Amsar da ta fi gamsar da ni ba ta masu sharhi ba ce. Charles Saunders ne ya ba da ita, baƙin Ba'amurke da ya koma Kanada da zama, wanda ya taso yana son irin waɗannan labarai yana kuma jin ciwonsu. Ya ɗauki ƙirar ya sa ta a Afirkar da ya yi bincike a kanta, da jarumi baƙi mai suna Imaro, littafin farko ya fito a 1981.

A watan Mayun 1935 Howard ya rubuta wa Wright wasiƙar da ba ta da daɗin karantawa. Mahaifiyarsa ta sha aikin tiyata, ana ta kai ta asibitocin nesa, ana biyan masu jinya, likitan karkara kuwa a shekarun nan marasa lafiyarsa ma ba su da abin biyansa. Weird Tales tana riƙe masa da fiye da dala 800 na labaran da ta riga ta buga ta sayar. An saba aiko masa da rabin cek kowane wata, sai ga shi wannan wata ko rabin bai zo ba. Mutumin da jarumansa ba sa roƙon kowa ya zauna yana lallashin edita a ba shi haƙƙinsa. A shekarar ya rubuta Conan na ƙarshe ya juya baya. Ya koma labaran kaboyi, musamman na ban dariya na wani ƙaton baƙauye, Breckinridge Elkins, waɗanda mujallar Action Stories ke bugawa a kowace fitowa tun 1934, tana kuma biya. Ya riƙa gaya wa abokai cewa burinsa ya rubuta tarihin yankinsu na gaskiya, na makiyaya da fari da rikicin filaye.

Cikin waɗannan shekaru ne ya yi tarayya da Novalyne Price, malamar makaranta da ta zo Cross Plains a 1934, ita ma mai son rubutu. Sukan shiga motarsa su yi ta zagaya karkara yana zuba mata tarihi yana dukan sitiyari. Ta so ya gyara shigarsa ya shiga jama'a, shi kuwa kullum hankalinsa yana gida wurin maras lafiya. Abin bai kai ga aure ba. Ta ajiye littafin abin da ke faruwa kullum, kamar shekara 50 bayan haka, a 1986, ta fitar da shi littafi, aka yi fim da shi a 1996. Ba don ita ba, da ba mu san yadda muryarsa take a hira ba.

A Yunin 1936 Hester ta shiga dogon suma. Howard ya je Brownwood ya sayi filin kabari na mutum uku. Da safiyar 11 ga wata ya tambayi nas ko mahaifiyarsa za ta farfaɗo, ta ce a'a. Ya fita wurin motarsa ya harbi kansa, ya cika bayan kamar awa takwas. Ita ta cika washegari. Ranar 14 ga Yuni aka yi musu jana'iza ɗaya, aka binne su a maƙabartar Greenleaf. An daɗe ana ba da labarin a taƙaice, wai ɗan mama ne da ya kasa rayuwa ba ita, kuma tarihin rayuwarsa da de Camp ya fitar a 1983 ya ƙara wa wannan fassara ƙarfi. Wasiƙunsa sun nuna abin ya fi haka tsawo. Tun yana saurayi yake maganar barin duniya, ga shekaru na jinya ba barci, ga bashi, ga kaɗaici a garin da ba mai karanta abin da yake rubutawa. Irin ciwon da yau za a ce a kai mutum asibiti ne. Mahaifinsa, likita, ya rayu shi kaɗai har 1944, shi ya ci gaba da bin Weird Tales kuɗin ɗansa.

Howard bai ga littafi ko ɗaya da sunansa a bango ba. Na farko, na Breckinridge Elkins, a Landan ya fito a 1937. Mujallun araha su ma ba su daɗe ba, ƙarancin takarda a Yaƙin Duniya na Biyu ya raunana su, ƙananan littattafan aljihu da talabijin suka ƙarasa, Weird Tales ta rufe a 1954. Da labaran sun marmashe tare da takardarsu, ba don wasu 'yan tsiraru ba. Kamfanin Arkham House ya tattara wasu a 1946. Wani ma'aikaci mazaunin Teksas, Glenn Lord, ya bi sawun akwatin takardun Howard har ya same shi, dubban shafuka, ya shafe rayuwarsa yana fitar da su. A 1961 marubuci Fritz Leiber ya raɗa wa fannin sunan da ya zauna, takobi da tsafi. Daga 1966 kamfanin Lancer ya fara fitar da Conan a littattafan aljihu da zanen Frank Frazetta a bango, aka sayar da miliyoyi. Marvel ta mayar da shi mujallar zane a 1970, fim ya biyo a 1982.

A nan de Camp ya shigo, kuma har yau masoyan Howard ba su gama shari'a da shi ba. Shi ya yi wahalar tallata Conan lokacin da ba mai nema, wannan ba a ƙwace masa. Amma ya sa hannu ya gyara jimlolin mamaci, ya ɗauki labaran Howard na wasu jarumai ya canja musu suna zuwa Conan, shi da Lin Carter suka ƙara nasu suka jera tare, sunayensu daidai da na mai abu. Ruwan da na ji a miyar ke nan. Sai daga 2002 zuwa 2005 aka fitar da labaran Conan cikakku yadda suka fito daga tafiretarsa, a jere kamar yadda ya rubuta su, shekara kusan 70 bayan rasuwarsa.

Gidan likitan yana nan a Cross Plains, farin gidan katako, mutanen garin sun mayar da shi gidan tarihi, kuma duk watan Yuni baƙi daga ƙasashe suna taruwa a tsakar gidan. A hotunan da na gani, ɗakin Howard wata 'yar baranda ce da aka toshe da katako, gado ɗaya da tebur sun cinye ta, mutum mai faɗin kafaɗa sai ya karkata zai wuce. An ajiye tafireta irin tasa a kan teburin. Gefen gadon akwai taga, ba waje take kallo ba, ɗakin mahaifiyarsa take buɗewa.